Launin kaya a shafi: in sayi fulogin ko in rubuta da kaina?

Tambaya: Malam, ina da shafin sayar da kaya a kan WordPress. Ina so idan kaya ya ƙare sunansa ya fito da ja, idan saura kaɗan ya fito da ruwan lemo. Na ga fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗora wa WordPress) na kuɗi da ke yin haka. In saya, ko in cusa launin kai tsaye cikin PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Aikin bai wuce layi biyar ba, kuma duk fulogin da ka ɗora wa shafi ka ɗauki nauyin sabunta shi ke nan har abada. Sai dai hanyarka ta biyu ma ba na goyon bayanta.

Sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ce ta san yawan kayan da ya rage, burauzar da baƙo ke buɗe shafin da ita ba ta sani ba. To PHP ya tsaya a kan faɗin halin da kaya yake ciki: in adadin sifili ne ya buga `class="ya-kare"`, in ƙasa da 5 ne ya buga `class="saura-kadan"`. Launin kuma ka ajiye shi a fayil ɗin CSS, inda ake rubuta dokokin adon shafi. Ran da jan ya gundure ka, layi ɗaya za ka taɓa, ba sai ka bi fayiloli goma kana lalube ba. WordPress ma haka yake yi: `body_class()` yana ƙara kalmar `logged-in` ga wanda ya shiga asusunsa, sai jigon shafin ya yi ado da ita yadda ya ga dama.

Abin da ya fi damuna da hanyarka ta biyu, wato `style` na cikin layi da ake maƙala wa sunan kayan kai tsaye, shi ne ƙarfinsa. Yana danne duk dokar da ka rubuta da `class` ko `id`, har sai ka kira `!important`, daga nan kuwa fayil ɗinka ya fara rikicewa. Launin da ka kafe a cikinsa kuma ba ya sauyawa idan mai karatu ya kunna yanayin duhu a wayarsa. In ka tsaurara tsaro da Content-Security-Policy, wato dokar da ke gaya wa burauza abin da za ta karɓa a shafi, burauza za ta ƙi shi ma baki ɗaya.

Inda nake sassautawa shi ne lambar da ake lissafawa nan take, kamar sandar da ke nuna kashi 63 cikin 100. Nan ka buga `style="--cika: 63%"`, bayan ka tace lambar da `intval()`. Kuma don Allah ka rubuta "Ya ƙare" kusa da sunan kayan, domin akwai mutane da yawa da idonsu ba ya rarrabe ja da wasu launuka.

Tambaya: Ina so in ɓoye farashin sari daga waɗanda ba 'yan rajista ba. An ce in sa `display:none`, dokar CSS mai ɓoye abu daga ido. Ya wadatar?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ko kusa. Wannan labule kawai kika saka, farashin ya riga ya isa kwamfutar baƙo. Ya danna Ctrl+U zai karanta shi tsaf. Ki sa sharaɗin a PHP da `is_user_logged_in()`, yadda sabar ba za ta ma aika wannan ɓangaren ba sai ga mai rajista.

Tambaya: Na saita launin yadda ka faɗa a sama, amma kaya ya ƙare launin bai sauya ba sai bayan awanni. In koma wani kamfanin masaukin shafi mai tsada?

Amsa: Kada ka yi gaggawar ƙaura. Galibi ma'ajiyar wucin gadi ce ke miƙa wa kowa tsohon kwafin shafin ba tare da PHP ya sake gudana ba, kuma sabon masauki zai iya yi maka haka ɗin. Shiga asusunka ka duba: in launin daidai yake a gare ka amma tsoho ne ga baƙi, to ita ce. Saita ta ta goge kwafin shafin duk lokacin da adadin kaya ya canza.