Amsa ga mai neman lasisin likitan gwajin ido a Amurka

Wa alaikumus salam, Dakta. Ka ce ka gama digirin OD, na likitan gwajin ido, na shekara shida a nan Najeriya, ka yi shekarar horon asibiti da hidimar ƙasa, rajistarka ta ODORBN, hukumar rajistar likitocin gwajin ido ta Najeriya, tana nan da ranta, yanzu kuma hanyar tafiya Amurka ta buɗe maka. Tambayarka ita ce ina ake neman lasisin Amurka, kuma wata nawa za ka yi kafin ka fara duba marasa lafiya. Allah ya sa tafiyar ta zama alheri.

Da farko dai, Amurka ba ta da lasisi guda na ƙasa baki ɗaya a wannan aiki. A gida hukuma ɗaya ce, wadda doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa, kuma lasisinta yana aiki daga Sakkwato har Kalaba. Can kowace jiha da dokarta da hukumarta ta likitocin gwajin ido, kuma lasisin Teksas ba ya ba ka ikon taɓa idon kowa a Okalahoma, alhali iyaka ɗaya ce ta raba su. Tun asali a haka abin ya ginu. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1901, sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, sai a 1924 aka kammala da gundumar babban birnin ƙasar. Don haka kafin ka tambayi komai, sai ka san jihar da za ka zauna, ka shiga shafin hukumarta ka karanta sharuɗɗan da idonka. Kada ka ɗauki maganar wanda yake wata jihar, ko da kuwa gaskiya yake gaya maka game da tasa.

Sai magana mai nauyi, wadda gara ka ji ta tun kana gida. Kusan dukkan jihohin suna sharɗanta digiri daga makarantar da ACOE, hukumar tantance makarantun wannan fanni, ta tantance, kuma makarantun da ta tantance suna Amurka da Kanada ne, guda ashirin da 'yan kai. Babu ta Najeriya a ciki, ko ta Benin, ko ta Abiya, ko ta Bayero. Sunan digirin ɗaya ne, OD, amma hukumar jiha ba sunan take dubawa ba, wanda ya tantance makarantar take dubawa. Wannan ba ya nufin karatunka bai kai ba. Ƙa'idar takarda ce, kuma ba ta jin lallashi.

Hanyar da aka fi bi ita ce komawa aji ta gajeruwar ƙofa. Kwalejin New England da ke Boston tana da shiri na shekara biyu domin waɗanda suka yi karatun a waje, kwalejin Pennsylvania ma, wadda a da take ƙarƙashin jami'ar Salus, yanzu kuma ta haɗe da jami'ar Drexel, tana da nata shirin. In ka gama, digirinsu za su ba ka, daga nan kai da ɗan ƙasa duk ɗaya ne a gaban hukuma. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuma daga ko'ina cikin duniya. Za a nemi sakamakon TOEFL, jarrabawar Turanci, da shaidar aikin asibiti bayan kammala karatu, da tantance takardunka ta hannun kamfani irin WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje. A nan ne jinkiri ya fi faruwa: WES ba ta karɓar sakamakon karatu daga hannunka, sai jami'arka ta aika da kanta. Ka fara bin wannan tun kana gida, domin bibiyar fayil daga ƙasar waje wahala ce. Ka kuma tabbata sunanka iri ɗaya ne a fasfo da digiri da rajistar ODORBN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari da ya shiga wata takarda ya fita a wata, ya isa ya tsayar da fayil watanni, sai ka kawo takardar rantsuwar kotu. Batun kuɗi kuwa, ka sa a ranka kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 40,000 a shekara, kuma rancen karatu na gwamnatin tarayya ba ya hawa kan mai bizar ɗalibi, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin.

Jarrabawar da jihohi suka dogara da ita ta NBEO ce, hukumar jarrabawar likitocin gwajin ido ta Amurka, kashi uku. Ba a shiga ta haka kawai da digirin waje, sai an sami mai tsaya maka, kuma makarantar da ta ɗauke ka ita ce mafi tabbacin mai tsayawa. Kashi na farko kimiyyar tushe ce: tsarin jiki, lissafin haske da gilashi, ilimin magunguna, cututtuka. Shi ya fi kayar da mutane, musamman wanda ya daɗe a asibiti ya bar littafi, domin hannu ya ƙware amma lissafin ya kwanta. Kashi na biyu labarin marar lafiya ake ba ka da hotuna, ka faɗi ciwon da abin da za ka yi. A cikinsa akwai tambayoyin magani da ake ware makinsu daban da sunan TMOD. Mutum yana iya cin kashi na biyu ya faɗi TMOD, ya yi murna, sai ya je neman lasisi a ce masa da sauran aiki, domin jihohi da yawa suna neman ta da kanta. Makin cin kowane kashi 300 ne a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900, na TMOD kuma 75. Kashi na uku na aikin hannu ne, kuma wuri ɗaya tak ake yin sa, a birnin Charlotte na jihar Karolina ta Arewa, don haka ka lissafa kuɗin jirgi da masauki. A 2024 aka sauya fasalinsa, aka ƙara nauyin ganawa da marar lafiya da yanke shawara, saboda haka tsofaffin takardun shiri da ke yawo a waya ba su isa ba. Kowane kashi kuɗinsa ya haura dala 1,000, kuma in ka faɗi sabon biya ne.

Bayan NBEO sai jihar kanta. Yawanci akwai jarrabawar dokokin jiha, kamar a Kalifoniya da Teksas, wadda mutane ke rainawa har ta mayar da su baya: shekara nawa ake ajiye fayil ɗin marar lafiya, me dole ya fito a takardar gilashi, wane ciwo ne dole ka tura gaba. Sai ɗaukar zanen yatsu domin binciken laifi, da wasiƙar shaidar kyakkyawan hali daga duk hukumar da ta taɓa ba ka lasisi. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka bar na ODORBN ya mutu. Duk tambayar da ke kan fom ka amsa ta da gaskiya. Hukumomin nan sun fi yafe tsohon laifin da aka faɗa a kan wanda aka ɓoye suka gano.

Zaɓen jiha ya wuce batun inda 'yan uwa suke, domin abin da lasisin ya halatta maka ya bambanta ƙwarai. Kafin 1971 likitan gwajin ido a Amurka ba shi da ikon ɗiga ko maganin buɗe ƙwayar ido don duba bayanta, sai da jihar Rhode Island ta fara ba da wannan izini. West Virginia ta buɗe ƙofar rubuta maganin warkarwa a 1976. Maganin hawan jinin ido kuwa, Massachusetts ce ta ƙarshe da ta yarda, a 2021. Yanzu rigimar ta koma kan aikin leza. Okalahoma ta halatta shi tun 1998, Kentucky ta biyo a 2011, Louisiana a 2014, wasu kuma bayansu. A irin waɗannan jihohi kana iya share dusashewar da ke biyo bayan aikin yanar ido, ko ka yi lezar rage hawan jinin ido, bayan ƙarin horo da shaida. A Kalifoniya majalisa ta amince da irin wannan doka a 2022, gwamna ya ƙi sa hannu. Duk lokacin da aka kawo irin wannan ƙudiri, ƙungiyoyin likitocin tiyatar ido sukan tsaya a kan cewa horon bai kai ba, na likitocin gwajin ido kuma su kawo hujjar ƙauyukan da babu likitan tiyata kusa. A ganina kowane ɓangare yana da abin dubawa a maganarsa, amma kai abin da ya shafe ka shi ne aikin da yake halas a wannan jiha yana iya cinye maka lasisi a waccan.

Gwamnatin tarayya tana shigowa ta gefe ne kawai. Rubuta magungunan da ake taƙaitawa saboda maye sai da rajistar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma sai jiharka ta yarda da wannan rukunin. Karɓar kuɗin inshora sai da lambar NPI, lambar shaidar ma'aikacin lafiya. Akwai kuma dokar hukumar kasuwanci ta FTC, tun 1978, da ta wajabta miƙa wa mutum takardar gilashinsa da zarar an gama gwaji, ko bai tambaya ba, ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya je ya saya inda ya ga dama. Wanda ya saba riƙe takarda don a sayi gilashi a shagonsa, to ya bar wannan ɗabi'a a filin jirgi.

Lasisin kuma ba a samu a kwanta. Ana sabunta shi duk shekara ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon jiha, da awannin ƙarin ilimi. Kalifoniya, alal misali, awa 50 take nema duk shekara biyu ga mai izinin rubuta magani. Ka tabbata darasin da ka biya kuɗinsa yana cikin waɗanda hukumar ke ƙirgawa, mafi sauƙi masu tambarin COPE, majalisar da ke tantance irin waɗannan darussa.

A kan tambayarka ta wata nawa: da shekaru za ka lissafa, uku zuwa huɗu in komai ya tafi daidai, daga tara takardu zuwa riƙe lasisi. Kafin nan, in takardar zamanka ta ba ka izinin aiki, kana iya zama mataimaki a asibitin ido, ko mai haɗa gilashi. Wajen rabin jihohi ba sa neman lasisi a aikin haɗa gilashi, sauran kuma galibi jarrabawar ABO da NCLE, ta masu haɗa gilashi, suke dubawa. Sai dai ka tsaya iyakar aikin da aka ɗauke ka. Mai shago zai iya cewa tunda ka iya, gwada wa wannan ka rubuta masa lamba. Kada ka yarda, kada kuma ka bari a gabatar da kai ga masu saye a matsayin likita. Yin aikin ba lasisi laifi ne a kowace jiha, kuma hukumar da za ta bincike ka a kansa ita ce wadda za ka kai wa fom ɗinka daga baya.

Ka faɗo mana jihar da za ka sauka da irin bizar da ke hannunka, sai a duba maka sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya.