Hajiya ta fita takaba, amma har yanzu ba ta dawo daidai ba

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta aiko da tambaya. Mahaifinta ya rasu bara. Mahaifiyarta tana Kano, ta fita takaba tun tuni, amma ba ta barci, abinci sai an matsa mata, ta daina zuwa islamiyya, kullum kukanta zafin jiki da ciwon kai. A wurin aiki 'yar'uwar tana ganin likita na duba tsofaffi ta bidiyo. Ta haɗa Hajiya da likitan can ne ta riƙa aiko magani, ko ta nema mata biza?

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Bari mu fara sallamar zancen takardu. Hukumar lafiya ta NHS mazauna Birtaniya take yi wa aiki, likitanki ba zai rubuta magani ga wadda ba ta cikin rajistarsa ba. Bizar ziyara wata 6 ce iyaka, kuma baƙon da ya kwanta asibiti a Ingila ba tare da inshora ba kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin ake cajinsa. Bizar ɗauko iyaye su zauna dindindin kuwa sai kin tabbatar cewa ko da kuɗinki ba za a samu mai kula da ita a gida ba, shi ya sa kaɗan ne ke samu. Ko da an ba ta, ni ba zan so a raba ta da maƙwabtan da ke leƙo ta safe da yamma ba, a rufe ta a ɗaki ke kina aikin awa 12.

Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon damuwa. Iyayenmu ba sa cewa "ina cikin damuwa". Sai dai su ce jiki na zafi, kai ya yi nauyi, wani abu na yawo a ƙafa. Amma kafin a taɓa waya, a kai ta likita ya duba ta ido da ido: hawan jini, suga, ƙarancin jini, fitsari, da gwajin maƙoƙo, domin kowanne yana iya kawo kasala da mantuwa. A tattara duk ƙwayoyin da take sha a leda a tafi da su, har da na barcin da ake sayo mata a kemis. Irin su diazepam suna sa tsoho jiri ya faɗi, karayar ƙugu a wannan shekaru kuwa babbar magana ce.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Masu iyaye a wasu jihohi suna da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Na san da an ambaci waɗannan sunaye dangi za su ce "wa ya ce Hajiya ta haukace?" Ki ce musu likitan barci da tunani za a gani, kuma gaskiya kika faɗa. Idan suna son a yi mata ruƙiyya, a yi, addu'a ba ta hana shan magani.

Bayan wannan ganin na farko ne bidiyo ke da rana. Ki tambayi likitan ko zai riƙa bibiyarta ta waya, don a hutar da ita layi da kuɗin mota. Idan likita mai zaman kansa kika samu a intanet, ki nemi lambar rajistarsa da hukumar likitoci ta MDCN. Sharaɗina ɗaya: ya kasance yana jin Hausa. Dattijuwa ba za ta faɗi abin da ke cin ranta ta bakin tafinta ba, balle idan tafintan jikanta ne.

Wanda zai riƙe wayar ma abin dubawa ne. Akwai maganar da Hajiya ba za ta yi a gaban suruka ba, ko a gaban ɗan da take jin nauyi. Ita za ta zaɓi mutuminta, ya kunna mata kiran, ya jingina wayar, ya fita ya ja ƙofa. A sa lokacin da hantsi, an yi caji, an sayi data, in kunnenta ya yi nauyi a sa mata abin ji. Kafin duk wannan, ki nemi yardarta da bakinki. Idan ta ji an ƙulla abin a bayan idonta, gaisawa kawai za ta yi da likitan ta ce "Alhamdulillahi, lafiya lau".

Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kada a yar da shi a kwana biyar a ce bai karɓe ta ba. Amma idan ta rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ta gane mutane, ko ta ƙi shan ruwa, ko ta fara cewa gara ta bi mijinta, a ranar za a kai ta asibiti, ba a jiran kiran bidiyo.

Ke kuma ki tsayar da lokacin kiranta, ko minti goma ne bayan la'asar ɗinsu. Tazarar lokacinku awa ɗaya ce da hunturu, da bazara ma babu. Ki rage tambayar "kin sha magani?". Ki tambaye ta yadda take haɗa dakan yajinta, ki bar ta ta yi zancen Baba, in ta yi kuka kada ki yi saurin cewa ta yi shiru.