Tambayoyin Masu Karatu: Yawan takardu shi ne ingancin bincike?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna nan Samaru, kullum ana ce mana Najeriya na sahun gaba a Afirka wajen fitar da takardun binciken lafiya, toh amma in ka shiga kemis a Tudun Wada rabin magungunan daga Indiya ko Sin suke. Wai ta yaya ake gane binciken ƙasa yana da inganci?
Wata ɗaliba, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ga ƙidaya takardu shi ne mafi sauƙi, shi ya sa kowa ke rugawa can. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da takardu, sai ki ga bincike ɗaya an yayyanka shi gida uku, ga kuma mujallun bogi da za ka tura musu kuɗi yau, sati na zagayowa an buga, wallahi ko mutum ɗaya bai duba ba.

Masu auna abin da gaske sukan fara da duba ko mujallar tana cikin Scopus ko PubMed, wato manyan rumbunan intanet da ke tantance mujallun bincike kafin su saka su, sannan sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikin, shi ma wannan ɗin yana da nasa aibin don akwai masu ambaton juna kamar adashe, ka ambace ni in ambace ka. Shi ya sa a 2012 masana suka tsara sanarwa a San Faransisko ta Amurka cewa a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga.

Ni dai abin da nake fara tambaya, me ya canza a gadon asibiti? Ɗauki Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta haɗa daga masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, kayan da rabinsu za ki samu a kasuwar Sabon Gari. An gwada shi a kan masu sikila, ya rage musu yawan tashin ciwo, wannan bincike ne mai nauyi ko da takarda biyu ce tal ta fito. Amma kamfanin Amurka da aka ba lasisin sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu, iyayen yara suka koma neman na waje.

In kin zo rubuta naki, ki fara da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ki adana bayananki yadda wani zai iya maimaita gwajin ya ga ko abin da kika samu zai fito masa.