Filin Tambaya da Amsa: Na Yi Istihara, Ban Ga Komai Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani bawan Allah ya fito neman aurena, iyayena kuma sun ce in ba su amsa kafin azumi. Na yi istihara dare bakwai a jere, kullum da alwala nake kwanciya, amma ban yi mafarkin komai ba. Ƙawata ta ce wai in an ga farin kaya ko ruwa to alheri ne, in an ga wuta ko baƙin abu sai a gudu. Ni da ban ga komai ba fa? Istiharar ce ba ta karɓu ba?
Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, rashin mafarki bai taɓa istihararki da komai ba.

Asalinta hadisin Jabir ɗan Abdullahi ne da Bukhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) yana koya musu istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Za ki yi raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba, da Fatiha da surar da ta sauƙaƙa. Imam Nawawi ya so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafirun a ta farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, amma wannan ba sharaɗi ba ne. Bayan sallama sai ki karanta addu'ar da ta fara da "Allahumma inni astakhiruka bi'ilmika", in kin zo kan "hazal amra" ki ambaci auren da sunan mutumin. Ana yin ta dare ko rana, a dai kauce wa bayan sallar Asuba har rana ta ɗaga, da bayan La'asar har ta faɗi. Wadda ba ta haddace ba ta duba takarda ko waya, wadda kuma take fashin salla ta yi addu'ar kawai.

Ki bi hadisin tun daga farko har ƙarshe, babu barci a ciki, babu mafarki, babu fari ko baƙi. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya mai littafin Madkhal wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawan kafa hujja da shi, ya ja kunnen masu rataye istihara a kan abin da za su gani a barci. Ruwayar da ta ce a maimaita sau bakwai ma malaman hadisi sun raunana ta, ko da yake maimaitawar ba laifi ba ce, kamar kowace addu'a.

To ta ina amsar take zuwa? Lafazin addu'ar ya nuna. Kin ce in alheri ne "faƙdurhu li wa yassirhu li", wato ya ƙaddara miki ya sauƙaƙa. In sharri ne "fasrifhu anni wasrifni anhu", ya kawar da shi daga gare ki, ya kawar da ke daga gare shi. Sauƙaƙawa da kawarwa kuwa ido biyu suke faruwa, yawanci ta hanyar da ba a sa rai ba. Baffanki ya je unguwar yaron bincike, ya tambayi mai shagon layinsu, ya ce: "Ai ko biredi ya ɗauka bashi, kafin magariba ya aiko da kuɗin." Ko ya tambayi limamin masallacinsu, liman ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce bai san shi a sahu ba. Ko ku je gwajin jini a tarar ke AS shi ma AS, wanda ke nufin kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na haihuwar mai cutar sikila. Wannan takardar asibitin ta fi mafarki goma bayani, kuma abin baƙin ciki ne yadda ake ninke ta a sa a jaka a ce ana jiran ishara.

Fatima 'yar Ƙais ta kawo wa Annabi (SAW) maganar mutum biyu da suka nemi aurenta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ta auri Usama ɗan Zaidu. Ita da kanta ta ce da farko ba ta so shi ba, daga baya Allah ya sanya alheri a auren. Zaɓin ya zo mata ta bakin mai shawara, kuma ya saɓa wa abin da ranta ya fara so.

Natsuwar zuciya alama ce da malamai suka ambata, amma da sharaɗin ba a riga an karkata ba. Wadda ta kwashe awa biyu tana hira da saurayi a waya kafin ta kwanta, dole ta ji natsuwa, ƙila ma ta gan shi cikin farar shadda. Hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Irin wannan na ukun ne.

Kafin azumi, ki sa waliyyanki su yi bincike a wurin aikinsa da unguwarsu, ku yi gwajin jini, ki shawarci wadda ba ta da wata riba a ɗaurin auren ko fasa shi, ki sake istihara in kina so, sannan ki ba iyayenki amsa. Jerin da ke cikin aya ta 159 ta Ali Imrana ke nan: shawara, azama, sai tawakkali.

Tambaya: Malam, na yi istihara kafin in buɗe shagon kayan masarufi, na ji ƙirjina ya buɗe, komai ya zo da sauƙi. Wata takwas ke nan jari ya karye, ga bashi. Ni ne ban fahimci amsar ba?
Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Alherin da ka roƙa abu uku ka jera: addininka, rayuwarka, da ƙarshen al'amarinka. Wata takwas bai isa a auna ƙarshe ba.

A shekara ta 6 bayan hijira Annabi (SAW) ya fita da sahabbai kimanin 1,400 za su yi umara, bayan ya gani a mafarki suna shiga Masallaci mai alfarma. Aka tare su a Hudaibiyya, aka yi sulhun da a ido ya yi kama da ci baya, suka juya ba su yi ɗawafi ba. Abin ya yi wa Sayyidina Umar nauyi ƙwarai, har Sayyidina Abubakar ya tuna masa cewa ba a ce musu bana ba. A hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka tana kiran wannan sulhu buɗi mabayyani. Suka yi umarar a shekara ta 7, a ta 8 kuma suka shiga Makka su 10,000. Mafarkin Annabi ne fa, wanda wahayi ne, amma lokacin cikarsa ya ɓuya ga manyan sahabbai.

Sai dai kada ka jingina wa ƙaddara abin da littafin shago zai iya bayyanawa. Zauna ka lissafa: nawa ne ke hannun masu bashi, nawa kake ɗiba kullum don cefane, kana raba riba da uwar kuɗi ko aljihu ɗaya suke kwana, kuma da ka sayar da buhun sukari kana sa farashin da zai sake sayo wani a sabon kuɗinsa? Waɗannan huɗun su ke karya ƙananan shaguna, musamman lokacin da kaya ke tashi duk mako. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. In lissafin ya nuna shagon zai iya tashi, ka je wa masu binka bashi da kanka ku tsara biya. In bai nuna ba, rufe shi ma shawara ce da ake yi wa istihara.

Tambaya: Wani malami a unguwarmu yana yi wa mutane istihara. Yana karɓar sunanka da na mahaifiyarka, washegari ya faɗa maka abin da ya gani. Ya halatta?
Daga wata uwa a Kumasi.

Amsa: Hajiya, hadisin cewa ya yi "idan ɗayanku ya yi nufin wani al'amari", mai buƙatar ne ke sallar, shi ke roƙon. Ki roƙi mutumin kirki ya taya ki da addu'a, wannan babu laifi. Amma neman sunan uwa, da bugun ƙasa, da ƙirga carbi a ga inda zai tsaya, da ba da labarin abin da zai faru gobe, duk duba ne ko da an sa masa sunan istihara. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. In karatu ne ya yi miki wuya, ki sa 'yarki ko jikarki ta riƙa karanta miki addu'ar jimla-jimla kina maimaitawa bayan kin sallame.