Kazuwarina: iri ya ƙi fitowa, wanda ya fito kuma ya yi rawaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da fili mai yashi wanda iska ta addaba, aka ba ni shawarar in kewaye shi da bishiyar kazuwarina, wai ba ta kaɗe ganye kuma fari ba ya damunta. Na tsinto 'ya'yanta a gindin wata babba, na shuka leda hamsin, bakwai kacal suka fito. Yau wata uku ke nan sun tsaya cak, sun yi rawaya, alhali ƙasar da na zuba musu sai da na gasa ta a wuta don in kashe cuta. Ina kuskuren yake? Kuma ana iya dasa reshenta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kuskure biyu ne, kuma na biyun garin neman gyara ka yi shi. Bari mu fara da na farko, shi ya fi sauƙi.

Abin da ka tsinto a ƙasa kwanso ne, ba iri ba. Kazuwarina tana yin 'ya'ya masu tauri kamar itace, girmansu bai wuce kan ɗan yatsa ba, jikinsu duk ƙananan bakuna. A cikin kowane baki akwai ƙwaya guda mai ɗan fiffike kamar na fara. Da kwanson ya nuna sai bakunan su buɗe tun yana bisa, iska ta kwashe ƙwayoyin. Kafin ya faɗo ƙasa ya zama fanko, ɗan abin da ya rage kuma tururuwa ta riga ka. Bakwai ɗin da ka samu ma sa'a ce.

A kan bishiya ake cirowa. Ka duba waɗanda suka bar kore suka fara komawa ruwan ƙasa ko ruwan toka, amma bakinsu na rufe. Ka zuba su a jakar takarda, kada ka sa a leda don gumi zai ruɓar da su, ka ajiye inda yake bushe da ɗumi. Cikin kwana uku zuwa mako guda, in ka girgiza jakar za ka ji ƙwayoyin suna motsi a ƙasanta. Ka tankaɗe da rariya ka shuka da wuri, domin irin ba ya son dogon ajiya a wuri mai zafi. Ba ya buƙatar a fasa shi ko a zuba masa ruwan zafi. Barbaɗa shi ake yi a kan yashi mai laushi, a yayyafa ɗan yashi a sama, iya abin da zai hana iska ɗauka. Wanda ya binne shi da zurfi ya yi asara. Ruwa kuma da feshi, a inuwa mai haske, kuma a ɗora faifan shukar a kan wani abu don tururuwa. Mako biyu zuwa uku za ka ga tsiro. Idan ya kai tsawon yatsa sai ka mayar da kowanne ledarsa.

To, ga batun rawaya, wanda shi ne zuciyar maganar.

Juriyar da ake yaba wa wannan bishiya ba tata ba ce ita kaɗai. Tana da abokiyar zama a saiwa, wata bakteriya mai suna Frankia, wadda ke shiga jijiyoyi ta yi ƙulle-ƙulle, ta riƙa ɗebo sinadarin naitirojin daga iska tana ba bishiyar. Shi ya sa kake ganinta kore shar a kan tudun rairayi inda ko ciyawa ta gagara. Aikin ya yi kama da na ƙullin saiwar wake, sai dai bakteriyar daban ce, ta wake ba ta yi wa kazuwarina komai. Kuma Frankia irin tata ba a kowace ƙasa take ba, musamman inda ba a taɓa shuka bishiyar ba. Kai kuwa da ka gasa ƙasarka, ko da akwai ta, ka kashe ta tare da cutar. Tsiron ya cinye ɗan guzurin da ke cikin ƙwaya, ya duba babu mai ba shi, sai ya tsaya.

Kafin ka yarda da ni, ka sadaukar da guda ɗaya. Yaga ledar, ka wanke saiwar a kwano a hankali. Idan jijiyoyin farare ne, sirara, sumul babu ko ƙulli ɗaya, maganata ta tabbata. Idan kuwa sun yi baƙi, suna saɓulewa a hannu suna wari, to ruwa ne ya yi yawa, sai ka ƙara huda ledojin ka rage ban ruwa. Sau da yawa ma duka biyun ne.

Maganin yana gindin bishiyar da ka tsinto 'ya'yan. Ka share busassun rassan da suka taru, ka tona kamar zurfin tafin hannu, ka bi ƙananan jijiyoyi. Za ka ci karo da wasu dunƙule-dunƙule masu 'yan yatsu cunkushe, sababbin masu haske, tsofaffin sun yi duhu sun yi tauri. Sababbin kake so. Ka wanke, ka daka, ka dama da ruwa, ka zuba wa kowace leda kaɗan a gindi. In ba ka ga ƙullin ba, cikin hannu ɗaya na ƙasar wurin a kowace leda yakan wadatar. Sharaɗi ɗaya: bishiyar ta zama lafiyayya, domin ƙasar gindin mai ciwo tana zuwa da ciwonta. Kada ka sa ran canji a kwana uku. Ba shi wata ɗaya zuwa biyu, sabon tohon zai fito kore. Kuma kada tausayi ya sa ka ɗura musu takin zamani mai naitirojin. Zai sa su yi kore na ɗan lokaci, amma tsiron da ya ƙoshi ba ya damuwa da yin ƙulli, ranar da ka kai shi yashi sai ya koma gidan jiya.

Wani abu da zai amfane ka wajen lura da lafiyarta: waɗannan zare-zaren kore da kowa ke kira ganye, rassa ne. Ka ciro ɗaya ka ja, zai tsinke a gaɓa, kuma a bakin gaɓar za ka ga ƙananan haƙora a zagaye. Su ne ganyen na gaskiya. Rage ganye zuwa wannan ƙanƙanta shi ke hana ta zubar da ruwan jikinta. Sunan ma daga nan ya samo asali, don rassan sun yi kama da gashin wani babban tsuntsu mara tashi da Malayawa ke kira kasuwari. A Ostiraliya, inda mafi yawan danginta suke, she-oak ake ce mata.

Haƙoran nan su za su gaya maka wace iri ce a hannunka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Casuarina equisetifolia tana da shida zuwa takwas a kowace gaɓa. Ita ce ta bakin teku, mai son yashi da jure gishiri, amma ba ta ɗaukar sanyi mai daskarar da ruwa. Da ita aka kafa doguwar katangar bishiyoyi a gaɓar tekun Senegal tsakanin Dakar da Saint-Louis, aikin da aka fara a 1948 don tsayar da rairayi. Casuarina cunninghamiana ta bakin kogi ce, ta fi jure sanyi, takan haura mita 30. Casuarina glauca kuwa haƙoranta sun kai goma sha biyu ko fiye, tana jure ƙasa mai gishiri da kwanciyar ruwa, sai dai tana da hali: saiwarta na tsirar da 'ya'ya ko'ina, bishiya ɗaya ta zama kurmi. Ni dai ba na ba mai ƙaramin fili shawarar ta. A jihar Florida ta Amurka waɗannan ukun duka suna cikin tsire-tsiren da doka ta taƙaita saboda mamaye wuri, Afirka ta Kudu ma ta sa wasunsu a jerin masu mamaya. Don haka ka tambayi hukumar gandun daji ta inda kake kafin ka cika fili.

Reshe kuwa ana dasawa. Ka yanko ɗanyen toho mai tsawon santimita 10 zuwa 15 daga bishiya matashiya, na tsohuwa yana da taurin kai. Ka tsoma gindin a garin maganin fitar da saiwa, ka soka a yashi mai danshi, ka kifa farar leda a sama don riƙe laima, a inuwa. Wata ɗaya ko fiye kaɗan saiwa ke fitowa, kuma ba duka za su kama ba, saboda haka ka yanko da yawa. Shi ma yana buƙatar ruwan ƙullin nan. Amfanin reshe shi ne yana ɗauko halin uwarsa sak. A nau'in kazuwarinar da namiji daban mace daban, kamar cunninghamiana, reshen namiji ba zai taɓa zubar maka da iri ba.

Idan tsiron ya kai santimita 30 zuwa 50, wato wajen wata huɗu zuwa shida, ka fara fitar da shi rana sannu a hankali na mako biyu, sannan ka dasa a farkon damina. Don tare iska, layi biyu ko uku ya fi ɗaya, tazarar mita biyu, a saɓa su yadda na baya zai toshe kafar na gaba. Rana take so sosai, inuwa na kashe ta.

Zancen "fari ba ya damunta" gaskiya ne, amma ga babba. Ƙarama tana jin ƙishi kamar kowa. A ranin farko, wani lokaci har na biyu, ka riƙa ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako maimakon yayyafi kullum, don saiwar ta bi danshi ƙasa. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci kuma na ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, ba za ta yi abin kirki ba ko me aka ce maka. A wannan shekarun abokan gabanta uku ne: gara, awaki da ciyawa. Ka duba gindi a kai a kai, ka yi shinge, ka yi noma a kewaye. Gobara ma ba ta jure ta, ga busassun rassan da take tarawa a ƙasa kamar katifa suna ci bal-bal, don haka ka share hanyar wuta kafin iska ta bushe.

Wannan katifar, da inuwa, da jijiyoyin da ke bin saman ƙasa, suna hana kusan komai tsirowa a ƙarƙashinta. Ka bar aƙalla mita biyar tsakaninta da abin da kake nomawa, kuma ka nisantar da ita daga gini, rijiya da bututun ruwa, mita goma ko fiye. Datsa kuma kaɗan-kaɗan, a gefe, tun tana ƙarama. Equisetifolia in aka sare ta daga gindi ba kasafai take sake toho ba, sai dai ka dasa wata a gurbinta.