Tambaya da Amsa: Na Kasa Sakin Jiki da Sabon Karen Jagorata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar Katsina ce, ina zaune a Ingila tare da maigidana da 'ya'yanmu. Hawan jinin ido ya raba ni da ganina shekarun baya, kuma tun daga lokacin da sanda nake fita. Kwanan nan ƙungiyar da ke horar da karnukan jagora ta haɗa ni da wani kare, muna cikin horo tare da malamar da aka ba mu, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Yakan tsaya cak ban san dalili ba, wani lokaci in ce ya tafi ya ƙi, kuma ina jin na fi sanin inda nake lokacin da nake riƙe da sanda. Ga surukata na cewa kare najasa ne, ba ya zama gida ɗaya da mai salla. In ci gaba ne, ko in mayar musu da abinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara lafiya. Shawarata ita ce ki ci gaba har ki kammala horon, domin abin da kike ji ba alamar gazawa ba ce, kuma waɗanda suka daɗe da sanda su suka fi fama da shi.

Sanda da kare aikinsu ya sha bamban. Sanda tana nemo miki abin da ke kan hanya, ta taɓa turken fitila, ta taɓa katanga, kuma da waɗannan alamomin kika zana taswirar unguwarku a cikin kanki. Shi kuwa kare an koya masa ya kauce da ke daga duk waɗannan abubuwa tun kafin ki isa gare su, saboda haka alamomin da kika saba da su sun ɓace miki gaba ɗaya, ga shi kuma tafiyar ta fi ta da sauri. Dole ki tara sababbi: gangaren ƙasa a ƙarƙashin ƙafarki, iskar da ke buso miki idan kin kai kwanar gini, ƙarar motoci, da adadin titunan da kika tsallaka tun daga ƙofar gida.

A ƙasarmu ɗan jagora yakan san gari, a ce masa kasuwa kawai za a je, ya ja sanda. Kare ba haka yake ba. Aikinsa shi ne ya tafi miƙe daga bakin titi zuwa na gaba, ya tsaya a duk inda ƙasa ta hau ko ta sauka, ya kewaye abin da zai buge ki, har da reshen itacen da shi zai wuce ta ƙarƙashinsa lafiya amma ke zai same ki a goshi. Sanin hanya naki ne. Haka kuma ba ya karanta danja. Ke za ki saurari motoci, ki gane lokacin da waɗanda ke gabanki suka tsaya, waɗanda ke tafiya ta gefenki suka taso, sannan ki ba shi umarni. A matsallaka da yawa a Ingila akwai wani ɗan mazugi a ƙarƙashin akwatin da ake dannawa, wanda yake juyawa idan lokacin tsallakawa ya yi, kuma ya kamata ki riƙa haɗa shi da kunnenki.

Idan ya tsaya, kada ki matsa masa. Ki miƙa ƙafa ki laluba gabanki, in ba ki ji komai ba ki miƙa hannu, domin mafi yawan lokuta akwai matakala, ko rami, ko motar da aka ajiye ta tare hanya. Ƙin tafiyar da yake yi kuwa, da gangan aka koya masa. Idan kika ce ya tsallaka alhali ya hango motar da ba ki ji ba, aikinsa ne ya saɓa miki, kuma wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da motoci masu aiki da lantarki suka yawaita, waɗanda ƙararsu ba ta kai ta sauran ba. Wannan horo ba sabon abu ba ne: tun 1916 aka buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a Oldenburg da ke Jamus domin sojojin da suka makance a yaƙin duniya na ɗaya, kuma a 1928 wani makaho Ba'amurke mai suna Morris Frank ya tsallaka wani titi mai cunkoso a birnin New York tare da karyar jagorarsa Buddy a gaban 'yan jarida, kafin a kafa makarantar horar da karnukan jagora ta The Seeing Eye a Amurka a 1929. A Ingila an fara a 1931 da karnuka huɗu. Hanyar da malamarki ke bi da ke ta sha gwaji.

Ki duba lamarin ta ɓangaren karen ma. Yana ɗan makonni aka kai shi gidan masu aikin sa-kai suka raine shi, bayan ya haura shekara aka raba shi da su aka kai shi wurin horo na watanni, yanzu kuma an sake raba shi da wanda ya horar da shi. Bai gama yarda cewa ke ce uwar ɗakinsa ba. Don haka ke za ki riƙa ba shi abinci, ke za ki taje masa gashi, ke za ki fitar da shi ya kama ruwa a kan lokaci, maigida da yara kuma su ɗan janye jiki a wannan tsakanin, ko da yaran za su yi ƙorafi. Ki riƙe mariƙin ɗamararsa da hannun hagu sakwa-sakwa, ki bar shi ya ja ki, kada ki tura shi. Ki yaba masa da murya duk lokacin da ya yi daidai, in ya yi kuskure ki tsaya, ku koma baya ku maimaita wurin nan take. Kalmomin umarni ki bar su da Turancin da ya koya, kuma in kina sa doguwar riga ko babban hijabi ki gwada tafiya da su a gaban malamar, saboda kada gefen ya riƙa rufe masa ido. Masu wannan aiki sukan ce sai an yi wata shida zuwa shekara kafin mutum da karensa su saba sosai. Amma idan saurinsa ya fi ƙarfinki, ko jansa na sa miki ciwon kafaɗa, ki faɗa wa malamar ba tare da kunya ba, domin akan sauya kare idan haɗin bai yi ba. Sandarki kuma ki riƙa fita da ita lokaci-lokaci, saboda ranar da ba shi da lafiya, da kuma ranar da zai yi ritaya, wadda takan zo wajen shekara goma da haihuwarsa.

Batun Hajiya surukarki yana buƙatar lalama. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya na ɗaukarsa najasa, Hanafiyya kuma, wadda yawancin Musulmin Ingila ke bi, na ɗaukar yawunsa najasa, shi ya sa za ki ji maganganu mabambanta a masallatan can. Hadisi ya halatta ajiye kare domin farauta, kiwo da gadin gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin buƙatar makaho a kan haka. A 2008 wata majalisar malaman shari'a a Ingila ta amince wani matashi makaho ya riƙa zuwa masallaci a Leicester da karensa, aka keɓe wa karen wuri a wajen ɗakin salla. Ke ma ki keɓe masa makwanci, ki roƙi malamar ta taimaka a koya masa kada ya shiga ɗakin da kuke salla, sannan ku je ke da Hajiya wurin malamin da ta amince da shi, ta ji da kunnenta. Ki kuma sani cewa dokar daidaito ta 2010 ta hana direban tasi ya ƙi ɗaukarki ko ya ƙara miki kuɗi saboda karen, sai dai in yana da takardar uzuri ta rashin lafiya daga hukumar da ta ba shi lasisi.