Tsohuwar jif ta ƙi tashi: a sayi kaya ko a fara gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Range Rover ƙirar 2004, bara na saye ta a hannun wani. Tun da zafi ya shigo, da safe takan tashi lafiya lau, amma in na baro Tumfure na shiga cikin gari na kashe ta, sai ta ƙi. Kik yana juyawa garau, injin ne ba ya kamawa. In ta huce kamar awa ɗaya sai ta tashi. Shekaranjiya kuwa ta ƙi sam. Bakanikena ya ce burenbos ne, wato kwamfutar motar, a aiko da wani daga Legas. In saya? Mai karatu daga Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka bayyana bai yi kama da mutuwar burenbos ba. Motar da ke tashi da sanyi, ta ƙi in ta ɗau zafi, ta dawo in ta huce, abu biyu ake fara tuhuma a jikinta: sensar kiranshaf da famfon mai.

Sensar nan ƙarama ce, tana wajen da inji ya haɗu da giya. Ita ke gaya wa kwamfutar mota cewa injin yana juyawa. In ta yi shiru, kwamfuta ba za ta saki wuta zuwa fulogi ba, ba za ta buɗe nozul ba, ko za a wuni ana murza makulli. In ta tsufa zafi ne ke fara kayar da ita, kuma ka san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16. A jona na'urar gwaji a nan. In ta nuna P0335, to hanyar sensar ce, ko ita kanta ko wayarta.

Famfon mai kuma cikin tanki yake. Ka murza makulli ba tare da ka buga kik ba, wani ya kasa kunne wajen kujerar baya. Ya kamata a ji ɗan ƙugi na daƙiƙa biyu ko uku. In ba a ji ba, a duba fis da rile kafin a taɓa famfon. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yawancinmu lita goma-goma muke sha, alhali man da ke tanki shi ke sanyaya famfon nan. Babbar mota da kullum allurarta ke ƙasa, famfonta ba ya daɗewa.

Ga abin da ya fi damuna game da shawarar bakaniken. Range Rover mai shan fetur ta 2002 zuwa 2005 injin BMW ne a cikinta, V8 mai lita 4.4, kuma burenbos ɗinta a ɗaure yake da makulli da na'urar hana sata. Wanda aka ciro daga wata mota ba zai tada taka ba sai mai kwamfuta ya daidaita su. Ga shi 'yan kasuwa ba su cika karɓar kayan wuta ba in an riga an ɗaura. Ka ga kana iya biyan kuɗi masu yawa, motar na nan inda take. Ban ce burenbos ba ya lalacewa ba. Ruwa na kashe shi, juya kan batir na kashe shi, haka walda a jikin mota ba a cire batir ba. Akwai kuma al'adar nan ta garejojinmu, a tada mota da batirin aro sannan a zare shi injin na aiki. A tsohuwar Fijo an sha yin haka an tsira, amma a motarka wutar altaneta na iya yin tsalle ta ƙona abin da ba ka zata ba. Kada ka bari a yi mata haka ko sau ɗaya.

Tambaya: Malam, Lexus LX470 ce ta maigidana, ƙirar 2003. In an murza makulli fitilu duk suna kamawa, sai a ji ƙas sau ɗaya, shi ke nan. Wani lokaci a karo na biyar ko na shida ta tashi. Batir biyu muka canja cikin shekara guda. An ce mu sayi kik ɗan Beljiyam. Daga Fadamar Mada, Bauchi.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. A fara sa mita a kan batirin. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, kuma lokacin da ake buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba. A kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure shi tamau, a duba wayar da ta tafi jikin bodi da inji. A kuma gwada tada ta giya na kan N maimakon P. In duk wannan lafiya, ƙas ɗin nan sananniyar cuta ce a injin 4.7 na LX470 da Land Cruiser 'yar'uwarta: wasu ƙananan tagulla biyu ne cikin kik ɗin suka cinye.

Tagullar ba ta da tsada, aikin ne babba. A wannan injin kik yana kwance a tsakiyar V, ƙarƙashin manifol, sai an ɗaga saman injin kafin hannu ya kai gare shi. Shi ya sa ban goyi bayan ɗan Beljiyam ba, domin sa'an naku ne a shekaru, in ya gaza bayan wata uku sai a sake kwance komai. Ko dai a sa wa naku sabuwar tagulla, mai wayarin ya gwada shi a ƙasa kafin a mayar, ko ku daure ku sayi sabo na Denso. A sa sabon gasket, a toshe ramukan injin da tsumma mai tsabta don kada noti ya faɗa ciki. Kuma kada a tara yara su tura ta, mai giyar otomatik ba ta tashi da turi.

Batir biyu a shekara kuwa akwai dalili. In injin na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In cajin daidai ne, to wani abu na shan wuta da dare, sau da yawa tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ko rediyo da aka ɗaura daga baya.

Tambaya: An yi mini tayin wata babbar jif a Azare da araha. Shekara biyu tana ajiye, mai ita ya ce batir ne kawai. In biya?

Amsa: Ɗan'uwa, in batir ne kawai, ka je da batir da mai gwajin kwamfuta. A zuƙe tsohon man tanki, a duba ko ɓera ya ci wayoyi, a tada ta a gabanka ta yi zafi, a kashe a sake tadawa. Ka nemi makullinta na asali da takardun kwastan. In mai ita ya ƙi yarda a gwada, ka yi mata kuɗin motar da za a farke a sayar da kayanta, ko ka bar masa abarsa.